Bangon Sunaye na Delhi da Sojojin da Aka Bari a Waje

A ranar 25 ga Fabrairun 2019 Firaministan Indiya Narendra Modi ya buɗe dandalin tunawa da 'yan mazan jiya a birnin New Delhi, daf da Ƙofar Indiya. Fili ne mai faɗin eka 40, an tsara shi da'ira huɗu wata cikin wata, a tsakiya ga dogon ginshiƙi da wuta ke ci a gindinsa dare da rana. Darajar wurin tana jikin katangunsa, inda aka sassaƙa sunayen sojoji fiye da 25,000 da suka kwanta dama bayan samun 'yanci a 1947, kowa da allonsa na dutse, ga muƙami ga runduna. Akwai na yaƙin Sin na 1962, da yaƙe-yaƙen Pakistan na 1965 da 1971, da na Kargil a 1999, har da waɗanda suka faɗi a aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. A ganina Indiya ta yi daidai, sai dai ba ta ƙarasa aikin ba.

Masu suka na cewa suna a dutse ba ya biya wa maraya kuɗin makaranta, gara a ba iyalai kuɗin. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma kafin gwamnati ta sassaƙa suna dole ta ƙirga matattunta ɗaya bayan ɗaya, ta kuma amsa a bainar jama'a cewa a bakin aikinta suka mutu. Matar da za ta iya ɗora yatsa kan sunan mijinta a tsakiyar babban birni ta fi ƙarfin neman haƙƙinta a kan wadda aka ce mata kawai “an rasa sojoji da dama”. Ita kanta rundunar sojin ta shafe shekaru gommai tana roƙon a gina wurin.

Ƙurar da ta fi tashi ita ce ta Janairun 2022, lokacin da aka ɗauke wutar da Firaminista Indira Gandhi ta kunna a ƙarƙashin Ƙofar Indiya a 1972 aka haɗe ta da ta sabon dandalin. 'Yan adawa sun ce ana shafe tarihi ne, kuma ba shakka akwai siyasa a ciki, ruwa ba ya tsami banza. Duk da haka hujjar gwamnati ta fi nauyi. Turawan Ingila ne suka kammala ƙofar a 1931 don Indiyawan da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, ita kuwa wutar an kunna ta ne saboda sojojin 1971, waɗanda babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin ƙofar.

Inda gizo ke saƙar shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Indiyawa kusan miliyan biyu da rabi suka shiga soja a lokacin, dubbai masu yawa ba su dawo ba, wasunsu a dazuzzukan Bama inda suka yi yaƙi tare da sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da kakanninmu. An gama ƙofar kafin yaƙinsu, sabon bangon kuma ya fara ƙirga daga 1947, don haka aka bar su ga maƙabartun da hukumar ƙasashe renon Ingila ke kula da su, irin ta Kohima. Za a ce wa Sarkin Ingila suka yi yaƙi. To, haka ma waɗanda ke jikin Ƙofar Indiya, kuma talakan Punjab da ya sa kaki don ciyar da gidansa ba shi ya kawo mulkin mallaka ba. Ya kamata Delhi ta ƙara musu katanga a dandalin.