RUWAN ROMI DA MATATAR MAI TA KADUNA

Wanda duk ya haye gadar kogin Kaduna ya yi kudu, ya wuce Sabon Tasha ya kama hanyar Kachiya, ba ya rasa hango waɗansu dogayen hasumiyoyi na ƙarfe da manyan tankuna a jere. Ita ce matatar man fetur ta Kaduna, a ƙasar Chikun. An yi shekaru ba ta tace mai ba, amma maganarta ba ta mutu ba, don Gwamnati ta yi alkawarin tayar da ita, fatake da masu motoci kuwa sun zuba ido. Abin da ba a cika ambata ba a cikin wannan zance shi ne wani rafi da ke kusa da ita, ana ce masa Romi, wanda a cikinsa ta ke zubar da ruwan da ta gama aiki da shi.

Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ya gina ta, aka buɗe ta a 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari. An tsara ta don ta tace ganga 100,000 kowace rana, a 1986 aka ƙara ta kai 110,000, ganga ɗaya kuwa lita 159 ce. Ba a nan a ke haƙo ɗanyen man ba. Ta bututu a ke turo shi daga Warri, tafiyar ɗaruruwan mil, wani ma mai kauri daga ƙasashen waje a kan sayo shi don man inji da kwalta da kaki. Tace mai kuwa aikin wuta ne da ruwa. Da ruwa a ke wanke gishirin da ke cikin ɗanyen mai, da shi a ke yin tururi, da shi a ke sanyaya injuna. In ya fito, ya kan fito da maiƙo da farar wuta da ɓurɓushin ƙarafa. Akwai wurin da aka gina a cikin matatar don a tsabtace shi kafin a sake shi. In wurin yana aiki sosai cutar kaɗan ce, in ya yi sanyi kuwa sai rafi ya sha abin da ya samu.

Romi ya ratsa ta wajen Rido da Juji da Karatudu da Unguwar Romi da Gonin Gora, sa'an nan ya faɗa kogin Kaduna, kogin kuma ya gangara Shiroro da Zungeru har ya haɗu da Kwara. A gaɓarsa Gwari, waɗanda su ne 'yan ƙasa na asali, da Hausawa da sauran kabilu suna noman rani, suna kamun kifi, Filani suna shayar da shanu. Malaman kimiyya na manyan makarantun Arewa sun sha ɗiban ruwan nan suna aunawa, sun kuwa rubuta cewa sun sami maiƙo da ƙarafa masu cutarwa a ƙasa da mazubar matatar. Gaskiya dai ba matatar kaɗai ke ɓata shi ba, don gari ya bunƙasa ya kewaye shi, shara da ruwan kwatami duk can su ke zuwa, ga kuma ɓarayin mai masu huda bututu. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma sai an auna a ke sanin rabon kowa a cikin laifin.

Nan akwai mas'ala wadda ta shafi malamai. Ko ƙaramin almajiri da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san da siffa uku a ke gane ruwan tsarki, watau launi da ɗanɗano da wari. In ɗayansu ya jirkita da abin da ba ya tare da ruwa bisa al'ada, ba a alwala da shi. Wannan hukunci daidai ne a babinsa, kuma shi ya sa mutanen Kakuri da Makera ba su taɓa bukatar mai faɗa musu ba a zamanin masaƙu. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, sauran masaƙu suka biyo baya, kowa ya ga kwatamin Makera yana gudu da launin rini, kowa ya kauce masa. Dafin da ke fita daga aikin mai ba duka ne ke nuna kansa haka ba. Dalma ta kan narke cikin ruwa, ruwan ya zauna garau, ba wari ba ɗaci, alhali tana taruwa a jikin yaro tana dushe masa hankali. Ruwa ya kan zama mai tsarki mai tsarkakewa a hukuncin alwala, ya kuma zama guba ga mai sha. Babin tsarki dabam, babin cuta dabam, shari'a kuwa ta hana cutar da kai da cutar da maƙwabci. Hanci da harshe ba su isa shaida a babi na biyu ba, sai ma'aunin masana.

Sau biyu a 'yan shekarun nan rashin wannan ma'auni ya bar mutane cikin jayayya. A 2012 mutanen Rido suka yi kuka cewa wani ɗan kwangila ya zubar musu da sharar matatar a kusa da gidaje, suka ce kaji masu yawa sun mutu, mutane sun kwanta, har da rasuwar yara. Matatar ta ce sharar ba mai dafi ba ce, magana ta kai har Majalisar Wakilai. A daminar 2024 kuma matan Kapam suka taru a ƙofar matatar, suka ce wata iska mai dafi ta fito daga ciki ta ƙone musu shuka ta taɓa dabbobi. Abin lura, wannan na biyu ya faru ne a lokacin da ba a tace mai. Ashe ma'aikata ko tana kwance ba ta rasa abin tsoro a cikinta.

Batun kuɗi kuwa ba sai an tsawaita ba. Lissafin kamfanin mai na ƙasa, NNPC, na shekarar 2018 ya nuna matatar ba ta shigo da ko kwabo ba, ta kuma yi hasarar fiye da naira biliyan 64. A Fabrairu 2023 aka ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyara a kan dala miliyan 740 da 'yan kai, aka ce za ta tashi a ƙarshen 2024, shekarar ta wuce ba ta tashi ba. Falke yana da hujja in ya ƙagara, don tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. Ba wanda ke ƙin matatar ta tashi. Sai dai tayar da tukwanen dafa mai abu ɗaya ne, tayar da wurin tsabtace ruwa abu ne dabam, kuma na farko shi a ke ɗauka hoto.

Al'amarin bai tsaya ga Kaduna ba, don neman mai ya iso Arewa. A Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin haƙo mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2023 aka fara wata rijiya a Obi ta Nasarawa, ga kuma bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka soma a 2020. Mutanen waɗannan wurare ya kamata su dubi abin da ya sami waɗansu. A Oloibiri aka fara samun mai a Nijeriya a 1956. Bayan shekara 55, a 2011, Majalisar Ɗinkin Duniya ta auna rijiyoyin sha a wani gari na ƙasar Ogoni, ta sami wani dafi mai jawo ciwon daji ya ninka haddin da aka yarda da shi sau 900, ta ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30.

A Amurka kuma akwai wata dabara ta fasa dutse. A kan haƙa rijiya mai zurfi, a karkata ta a kwance cikin dutsen, a tura ruwa mai yawan gaske gauraye da yashi da magunguna da ƙarfin inji, har dutsen ya tsattsage mai da gas su fito. Ba a yin wannan a Kaduna, amma rigimar da ya haifar iri ɗaya ce da ta Romi. Faransa ta hana shi a 2011, Ingila ta dakatar da shi a 2019 bayan ƙasa ta yi motsi kusa da wata rijiya. A Ain Salah ta Aljeriya, tsohon zangon ayarin Sahara, jama'a suka yi watanni suna zaman dirshan a 2015 don tsoron a ɓata musu ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ba su da wani sai shi. A jihar Fensilbaniya ta Amurka manoma suka ce gas ya shiga rijiyoyinsu, kamfani ya ce da ma can yana ciki. Mai ƙara shi ke kawo shaida, talaka kuwa ina ya ga shaidar yadda ruwansa ya ke shekara biyar da suka wuce? Sai jihar ta yi doka a 2012 cewa in ruwan sha ya ɓaci cikin ƙafa 2,500 daga irin wannan rijiya, cikin wata 12 da yin aikin, a ɗauka laifin kamfani ne sai in ya kawo hujjar kuɓuta. Da haka kamfani ya zama shi ke da bukatar auna ruwan maƙwabta tun bai kafa inji ba.

A Nijeriya dokar da ta wajabta duba illar babban aiki kafin a fara shi ta 1992 ce, matatar Kaduna ta girme ta da shekara 12. Tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, wannan kuwa bai yi nisa da mashahurin zance na mazhabar Malikiyya ba, cewa hukuncin ma'adinai yana hannun shugaba. Amma fukaha'u sun ɗaure wannan iko da maslahar jama'a, ba su sake shi haka kawai ba. Dokar man fetur ta 2021 ta yanka wa garuruwan da a ke aiki a ƙasarsu kashi 3 cikin 100, sai dai daga kuɗin aikin masu haƙowa a ke lissafa shi, Rido da Kapam kuwa ba rijiya gare su ba, mazuba gare su.

Wani mazaunin Tudun Wada ko Unguwar Sarki ya iya cewa wannan zancen mutanen ƙetare ne, musamman da ya ke tun rikicin 2000 kogi ya zama kamar iyaka tsakanin jama'ar gari. Alayyafo da tumatir ba su san wannan iyaka ba. Da asuba su ke haye gada, mai saye kuwa ba ya tambayar rafin da ya shayar da su. Saboda haka liman da sarkin kasuwa na arewacin gari suna da haƙƙin magana kamar dagacin Rido da limaman kirista na Sabon Tasha, kuma murya ta fi ƙarfi in ta fito daga gaɓa biyu.

Abin nema ba mai wuya ba ne in an gwada shi da dala miliyan 740. A auna ruwan Romi da rijiyoyin gefensa da ƙasar lambuna yanzu, tun matatar tana kwance, a sama da mazuba da ƙasa da ita. Masu aunawa su zama waɗanda ba matatar ke biyansu ba, kamar malaman Jami'ar Ahmadu Bello tare da hukumar kula da muhalli ta jihar Kaduna. A rubuta abin da aka samu da boko da ajami, a liƙa a kasuwa da ƙofar dagaci, a riƙa maimaitawa bayan injuna sun tashi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, wajen Maris da Afrilu, sa'ad da rafi ya janye, masu lambu suka dogara gare shi ɗungum, ruwan sama bai sauko ya surka shi ba tukuna.