Filin Sanin Aiki: Motar da ke Gurfana kamar Raƙumi

A wannan wata zancen mota ne. Akwai makiyaya da manoman da ke sayar da shanu ko buhunan wake, su sayi tsohuwar motar daji don jigilar mutane ran kasuwa. Wani ya saya da murna, kwana kaɗan ya tashi da safe ya tarar da gindin motar ya zauna a kan tayoyi, kamar raƙumi ya gurfana. Sai a ce baki ne ko sammu. Ba sammu ba ne. Iska ce ta fita.

Motocin da aka saba gani a daji, kamar Toyota Land Cruiser 70 da ta fito a 1984, ƙarafuna ne ke ɗauke da nauyinsu, waɗanda ake kira lam ko sifirin. Amma akwai waɗansu motoci da ke zaune a kan jakunkunan roba cike da iska. Kamfanin Land Rover na Ingila ya sa wa Range Rover irin wannan a 1992. Discovery 3 ta 2004 tana da shi a ƙafafu huɗu. Waɗansu Toyota Prado da suka fara fitowa a 2002 suna da shi a baya kaɗai. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci sun shigo ƙasar Nijar bayan sun tsufa a Turai.

Abin da ke cika jakunkunan shi ne kwamparesa. Ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batir, aikinsa kamar zuga-zugin maƙeri. Yana jan iska daga waje, ta bi ta matata da ke tare ƙura. Daga nan ta shiga wani gwangwani mai ƙwayoyi da ke shanye laima. Sa'an nan ta bi siraran tiyo zuwa jakunkuna. Kusa da tayoyi akwai ƴan sanduna masu auna tsawon motar. In an aza kaya ta yi ƙasa, su ne ke sa kwamparesa ya tashi.

Ga abin da mutane da yawa ba su gane ba. Galibi ba kwamparesa ne ke fara lalacewa ba. Jaka ce ke tsufa, ta tsattsage wajen da take naɗewa, yashi ya shiga yana cin robar. Mai ɗura ruwa a salkar da ta huje ba ya hutawa. Haka kwamparesa yake. An yi shi don ya yi aiki kaɗan ya tsaya. In iska na zurarewa, sai ya yi ta gurnani, ya yi zafi, zoben cikinsa ya cinye, daga baya ya ƙone. Wanda ya sayi sabo ya ɗaura bai nemi hujin ba, ya zubar da kuɗinsa, don sabon ma zai bi hanyar tsohon.

Neman huji ba ya son kuɗi. A sa mota a wuri mai daidai da maraice. A ɗauki kara, a auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke bisa kowace taya, a yi shaida. A cire fiyus na wannan sashe, don kada motar ta daidaita kanta da dare. Da safe a sake aunawa. Kusurwar da ta yi ƙasa, can ɓarnar take. Sai a dama sabulu da ruwa, a shafa wa jakar da bakin tiyo. Inda kumfa ke tasowa, nan iska ke fita.

A nan akwai gargaɗi ga yaran mota da masu koyon gyara. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin irin wannan mota sai an tokare ta da ƙarfe ko gungumen icce mai ƙarfi. Jak kaɗai bai isa ba. In tiyo ya zare, motar tana faɗowa nan take, babu lokacin janye kai.

In kwamparesa ya yi shiru gaba ɗaya, kada a yi saurin cewa ya mutu. A duba fiyus tukuna. A duba rele, wato ƙaramin akwatin da ke ba shi wuta. Rele yakan ƙi aiki, yakan kuma manne ya bar injin yana gudu har ya ƙone, shi ya sa ake canja su tare. Batir mai rauni ma yana hana shi tashi. Wani lokaci kuma zafi ne ya yi yawa, motar ta tsayar da shi da kanta. A ba shi lokaci a inuwa ya huce. Masu ɗaura waya a madadin fiyus da ya ƙone suna kiran gobara ne.

Ƙasarmu ba ta yi wa wannan inji sauƙi ba. Da hunturu ƙura na toshe matata. Da bazara zafi na wuce digiri 40. Da damina kuma ga ƙoramu da Gulbin Maradi. A Discovery 3 kwamparesa yana ƙarƙashin motar ne, gefen hagu, inda laka da ruwa ke samunsa. Don haka a riƙa buɗe matata ana kakkaɓewa, in ta ƙare a canja. Bayan ƙetare ruwa a wanke lakar. Ƙwayoyin shan laima su ma suna gajiya, su zama gari, garin ya toshe ƙofofin iska. Kuma kada a zuba masa man inji. Irin wannan kwamparesa a bushe yake aiki.

Fasinjoji ma suna da nasu laifi. Ran kasuwa kowa na roƙon direba ya ƙara buhu ɗaya, ya ƙara akuya ɗaya. Lodin da ya wuce kima yana ƙara wa jakunkuna da kwamparesa wahala. In mota ta gurfana a daji tsakanin Tanut da Adarbisanat, ko a arewacin Dakwaro, cikinta na shafar yashi, ba ta iya wucewa. In da mai naƙuda ko maras lafiya a ciki, abin ya zama na rai. A irin wannan hali sai a sauke kaya, a tafi sannu-sannu har gari mafi kusa.

Waɗansu masu gyara suna cire jakunkunan gaba ɗaya, su sa sifirin na ƙarfe. Motar ba ta ƙara tashi ko sauka da kanta, laushinta ya ragu. Amma ga wanda ke nesa da garejin Maradi, Damagaram ko Tawa, wannan ya fi kwanciyar hankali.

Mai niyyar saye ya je wurin motar da sassafe, kafin mai ita ya tayar da ita. Ya dubi yadda ta kwana. Sa'an nan a tayar, ya saurara da kunnensa ko kwamparesa zai cika ya yi shiru, ko kuwa zai yi ta kuka.