Ladabin Masu Keke a Birnin Zazzau

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Doka da hantsi, ya ga samari sun jero kan kekunansu huɗu-huɗu, kafaɗa da kafaɗa, suna raha, zai fahimci cewa lungunan birnin nan, waɗanda magabata suka shata domin doki da jaki, ba su ɗaukar irin wannan sahu. Shekaranjiya, wajen Babban Dodo, na ga wani dattijo ya manne da katanga, rawaninsa na warwarewa, har ayarin ya shige, babu mai kaɗa ƙararrawa, balle sallama; alhali malamanmu sun karantar da mu cewa mahayi ke fara yi wa mai ƙafa sallama. A ra'ayina, da zarar an shigo ganuwa, a bi juna ɗai-ɗai, na gaba ya sassauta a kowace kwana.