CINIKIN BIRI A SAMA

Jama'a, wata sabuwar hanyar ciniki ta shigo mana ƙasar Mashi, tilas ne kuwa wannan jarida ta faɗi gaskiya a kanta. Yau sai mutum yana cikin ginin ɗaki ya ga hoton wani falo a Facebook ko WhatsApp, an shimfiɗe ƙasansa da katako yana ƙyalli sai ka ce an shafa masa man shanu. Mai hoton ya ce yana Ikko ko Abuja, a tura kuɗi ta waya, kaya za su iso cikin kwana uku. Shi ke nan, sai bawan Allah ya kwashi gumin damina guda ya tura wa wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Iyayenmu suna da suna ga irin wannan, watau cinikin biri a sama.

Bari mu fara da katakon kansa. Yawancin katako mai ƙarfi daga kurmin Kudu ake kawo shi, daga wajajen Ondo da Edo da Kuros Riba, inda iska take da laima kusan duk shekara. Shi kuwa itace, ko an sare shi an fafe, bai daina shan laima yana fitar da ita ba. In aka ɗauko shi ɗanye aka shimfiɗa a ɗakin Mashi, da hunturu ya busa sai ya tsotse, tsakanin falanki da falanki ya buɗe, wani ya lanƙwashe, wani ya tsage. Da damina ta sauka kuma sai ya kumbura ya tasa juna. Don haka ne kafintan ƙwarai ba ya buga katako ranar da aka sauke shi. Sai ya jera shi a inuwa, ya sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bar shi ya saba da iskar garinmu. To, wane hoto ne zai gaya maka ko katako ya bushe?

A kasuwa kuwa, ko a nan gida, ko Katsina, ko Daura, ko 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, da kafintanka za ka tafi. Zai ɗaga falanki ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa ya ji amonsa, ya kanne ido ɗaya ya duba ko ya miƙe, ya nemi hudar ƙwaro, ya sa awo ya ga ko kaurin ya cika. Wanda bai yi ba, a ture shi gefe. Gani ya kori ji.

Har wa yau akwai maganar suna. Mai talla zai ce maka maɗaci ne, ko loko, ko madobiya. Ku sani madobiya ta yi wuya. An yi ta sare ta a Taraba da Kogi ana lodi zuwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta hana fitarwa sai da izini. Wanda ya ce zai ba ka ita da araha, ka tambayi kanka ina ya samo. Sau da yawa farin itace mai taushi ne aka rina, abincin gara. Wani kuma garin katako ne aka matse aka manna masa hoton itace a sama, ranar da ruwan randa ya kwanta a kansa sai ya kumbura kamar burodi. Araha ba ta ado.

Arahar ma ina take? Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Farashin da ka gani a waya ba ya haɗa da kuɗin mota daga Ikko, da na 'yan dako, da abin da direba zai bari a shingayen hanya. In kaya suka gaza da falanki biyar, sai ka sake biyan wata motar, launin kuma ba lalle ya zo ɗaya ba. Ɗan kasuwar garinku kuwa, in ka rage sai ya karɓa, in ka gaza sai ya cika, wani lokaci ma ya ɗaga maka ƙafa har kaka.

In aka cuce ka fa, wa za ka kama? Ɗan kasuwa yana da rumfa, yana da Sarkin Kasuwa, yana da ƙungiya, yana da mutuncin da yake tsoron zubarwa. Mai waya kuwa da ya kashe layi ya zama iska. Gaskiya ne akwai doka. A 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kare haƙƙin mai saye, wadda ta ba mutum ikon mayar da kayan da bai duba ba kafin a kawo, in sun saɓa da abin da aka siffanta masa. Amma hedkwatar hukumar tana Abuja, takardunta da Turanci. Talakan Mashi nawa ne suka san ƙofarta? Dokar da talaka bai ji da harshensa ba, ta manya ce kawai.

Ba mu ce a jefar da waya ba. Ku yi amfani da ita ku ji farashin Kano da na Katsina kafin ku fita, don kada a yi muku wawan ciniki. In kuwa tilas sai daga nesa, ku sa wani naku ya je ya gani da idonsa, a aiko da guntu ku gwada, kada ku biya duka sai kaya sun sauka kun ƙirga, ku karɓi rasit. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, siminti ko tayil ko daɓen iyayenmu na makuba ba abin kunya ba ne, sun ma fi jure wa gara da ruwa.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku cika awo, ku kira kowane itace da sunansa, kada ku cusa ɗanye cikin busasshe. Ha'incin mutum ɗaya shi ke korar masu saye goma zuwa ga waya.

Ga mahukunta kuma muna da tambaya. Kowace ranar kasuwa ana yankar wa mai rumfa tikiti, mai talla a waya kuwa ba wanda ya san inda yake. Ina kuɗin suke tafiya? Muna neman a yi wa 'yan katako rumfuna masu rufi inda kaya za su bushe, a fassara dokar mai saye da Hausa a karanta a rediyo, a kuma buɗe wurin kai ƙara a kowace ƙaramar hukuma. Haƙƙinmu ne, ba alfarma ba.

Allah ya tsare gumin talaka, amin.