Ba Kowace Murya Ce Wahayi Ba

Ƴan'uwa, in saurayi ya ce yana jin muryoyi, sai wasu su ce baiwa ce, su mai da shi mai duba. Wasu kuwa su ce iskoki ne, a sa masa mari. Duka biyu zalunci ne. Kada ku kafa mini hujja da Sama'ila: shi da gari ya waye ya tashi ya buɗe ƙofofin ɗakin Ubangiji, hankalinsa lafiya lau. Muryar da ke zagin mutum, tana hana shi barci, tana cewa ya kashe kansa, alamar ciwo ce. Tun 1952 likitoci suna da maganin da ke kwantar da ita. Mu yi masa addu'a, amma muna tafe, muna kai shi asibiti.