A buɗe ƙarafan sabis ga kowane layi a Kudancin Kaduna

Duk wanda ya saba bin hanyar Kafanchan zuwa Zonkwa, ko ya ratsa Samarun Kataf ya gangara ƙauyukan da ke bayanta, ya san cewa wayar da ke aljihunsa tana da inda take magana da inda take yin gum. Abin da galibin jama'a ba su lura da shi ba shi ne, sau da yawa idan sabis ya ɗauke, wayar takan rubuta cewa kiran gaggawa kaɗai za ta iya yi, alhali ma'anar wannan rubutu ita ce tana jiyo ƙarfen sabis na wani kamfani a kusa, shi ma yana jin ta, amma ya ƙi karɓarta domin layin da ke cikinta ba na gidansu ba ne. Na'ura tana nan, wuta tana nan, yarjejeniya ce kawai babu.

Ita wannan yarjejeniya, wadda za mu iya kira aron sabis, bayaninta ba shi da wuya: kamfani ya yarda layin ɗan'uwansa ya hau ƙarfensa a inda ɗan'uwan bai kafa nasa ba, daga baya su yi hisabi a tsakaninsu, ba tare da mai waya ya canza lamba ba. Alhazanmu sun daɗe da saninta, tunda layin Najeriya yakan kama a Makka da Madina. Abin takaici shi ne layin da ya samu masauki a ƙasar Saudiyya ya rasa shi a ƙasar Atyap, wato Kataf. Tun da aka fara wayar salula a watan Agustan 2001, sai a 2020 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ba MTN da 9mobile izinin gwada aron sabis a Jihar Ondo, kuma sai a 2025 ta amince musu da yarjejeniyar shekara 3, a shekarar da 9mobile ya koma T2. Wannan abin yabawa ne, amma mu faɗi gaskiya, lalurar kasuwanci ce ta haɗa su, domin 9mobile ya yi asarar masu hulɗa da yawa yana neman inda zai jingina, kuma abin da kasuwa ta ƙulla, kasuwa tana iya kwance shi.

A Kudancin Kaduna kuwa al'amarin ya wuce na jin daɗi. Manomin citta da ke son sanin farashin Kachia kafin dillali ya iso masa, da mai POS da ke ɗaga na'urarsa sama yana jujjuya ta, ga layin mutane na jiran kuɗinsu, da mai jego da jini ya ɓalle mata da tsakar dare ana neman mota, da ƙauyen da ya hango baƙin fuska a bakin daji yana son sanar da jami'an tsaro, Musulmi ne ko Kirista, dukkansu rayuwarsu da dukiyarsu suna rataye da 'yan sandunan nan da ke saman fuskar waya. Shi ya sa talaka ke riƙe layi biyu, yana raba ɗan kuɗin katinsa gida biyu, yana biyan diyyar rashin jituwar da ba shi ya haddasa ba.

Kamfanoni suna da hujja, kuma adalci ne a saurare ta: wanda ya kashe dukiya ya kafa ƙarfe a karkara, yana sayen man janareta yana biyan mai gadi, me zai sa ya ci gaba da ginawa idan abokin gasarsa zai zo ya hau a ɓagas? Amsa ita ce ba kyauta ake nema ba, ijara ce, kuma aikin hukuma ne ta ƙayyade ladan da ba zai cuci mai ƙarfe ba, ba zai kuma karya mai aro ba. Fuƙaha'unmu sun riga sun warware irin wannan mas'ala a babin ruwa, inda suka tabbatar wa mai rijiya fifikonsa, amma suka hana shi toshe rarar ruwan ga matafiyin da ƙishirwa ta kama. Zangon iskar da kamfanoni ke aiki da shi kuwa amanar al'umma ce da aka ba su da lasisi.

Sai dai aro ba ya haifar da sabis inda babu ƙarfen kowa, kuma irin waɗannan wurare suna nan a lungunan duwatsu. Domin su ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF na kai sadarwa inda ba ta kai ba. A watan Janairun 2025 Indiya ta buɗe ƙarafan da aka gina da kuɗin irin wannan asusu ga layukan kamfanoni dabam-dabam, kuma ban ga abin da zai hana NCC sanya wannan sharaɗi ba. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Zangon Kataf da Jema'a da Kaura, tare da sarakuna da hakimai, su tattara sunayen ƙauyukan da kamfani ɗaya kaɗai ke kamawa, da waɗanda babu ko ɗaya, su miƙa wa wakilanmu na majalisa su kai gaban hukumar a rubuce.