Ƙasar uraniyom tana bukatar masana nata

A shekara ta 1957 aka gano ƙarfen uraniyom a Azelik, cikin jihar Agadas. Kamfanin Somair ya fara haƙo shi a Arlit a 1971, Cominak kuma a Akuta a 1978. Yau fiye da shekara 50 ke nan ƙarfenmu yana ba ƙasashen waje wutar lantarki. Ya kamata mu tambayi kanmu: ɗiyan ƙasa nawa muka horar waɗanda suka san sirrinsa da hanyar kare mutane daga illarsa?

Uraniyom da dangoginsa suna fitar da wani tururi wanda ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinsa, amma in ya yi yawa a jiki yana kawo cutar sankara. Tururin iri-iri ne. Akwai wanda takarda guda take tsaidawa, akwai wanda sai fallen ƙarfe, akwai kuma mai suna gama, wanda sai dalma ko katangar siminti mai kauri ke rage ƙarfinsa. Aikin masanin kariya shi ne ya yi lissafin kaurin katangar, ya ƙayyade nisan da ma'aikaci zai tsaya da lokacin da zai yi a wurin, ya kuma duba ɗan ma'aunin da kowa ke maƙalawa a ƙirji.

Bukatar wannan sani tana gabanmu. An rufe mahaƙar Akuta a watan Maris na 2021, an bar tarin dusar ma'adinai wajen tan miliyan 20. A cikinta akwai radiyom, wanda sai bayan shekara 1600 rabinsa yake ƙarewa, kuma shi ke haifar da iskar radon mai cutar da huhu. Ko an lulluɓe tarin da yumɓu da duwatsu, wajibi ne a dinga auna iska da ruwan rijiyoyi har jikokin jikokinmu. Baƙo zai gama kwangilarsa ya koma gida. Zanen aro ba ya rufe katara.

Haka kuma a 2021 aka fara gasa sankara da na'ura a cibiyar yaƙi da cutar da ke Yamai. Na'urar tana bukatar likita, tana kuma bukatar masanin da zai auna yawan tururin da ya dace da maras lafiya, ya tabbatar bango yana tsare masu jinya.

Ƙofofin karatu a buɗe suke: makarantar ma'adinai ta Agadas, ta EMIG a Yamai, da cibiyar binciken tururi ta Jami'ar Abdu Mumuni, wadda take ɗauke da sunan babban masanin kimiyya na ƙasarmu. Amma tushen yana cikin lakkol ta gari. Yaron da ya tsere wa lissafi tun yana ƙarami ba zai zama injiniya ba.

Saboda haka muna kira ga uwaye, musamman waɗanda suka ɗanɗani amfanin yaƙi da jahilci, su ƙarfafa wa ɗiyansu maza da mata gwiwa a kan lissafi da kimiyya. Muna kuma kira ga magabata su tanadi kuɗin karatu, su kuma tanadi wurin aiki ga wanda ya komo da takardarsa, don kada mu shuka wasu su girbe. Ƙasar da Allah ya ba uraniyom, ita ke da nauyin sanin yadda ake zama da shi lafiya.